Takalmi a Bakin Ƙofa

Ni mai gyaran agogo ne, hoto ba sana'ata ba ce.
Na'urar ma ta jingina ce:
wani ɗan ci-rani da ya dawo daga arewa
ya bar mini ita a kan jika takwas,
ya ce sati guda. Damina uku ke nan.

Sai Tabita, maƙwabciyata a Sabon Gari,
wadda bidonta ke bin nawa a layin famfo tun asuba,
ta ce, "Mutari, ran Lahadi za a miƙa jikata ga Ubangiji,
mai hoton gari ya tsawwala kuɗi. Zo da abarka."
Na ce ban iya ba.
Ta ce, "Wa aka haifa da iyawa?"

Shekara nawa ina wuce ƙofar nan
a hanyata ta zuwa Kasuwar Dole,
ban taɓa sanin launin cikinta ba.
Ashe shuɗi ne, shuɗin bula da ya sha wanki.

Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa,
ƙafa ta riga kai shawara.
Wani yaro ya ƙyalƙyale, uwarsa ta mintsine shi.
Fasto Barnaba ya ce, "Shigo yadda ranka ya so,
sai dai kar ka walƙa mini wuta a ido ina addu'a."

Ana ɗaga waƙar farko, kuran ya ɗauke.
Fanka ta yi juyi uku ta haƙura.
Sai bulo mai huda na bangon gabas
ya tankaɗe rana kamar rariya,
ta zubo tsaba-tsaba a kan benci,
a kan ɗankwali, a kan tulun da mata ke bugawa,
a kan sanƙon wani dattijo mai gyangyaɗi.

Na danna, hannuna ya yi rawa.
Na danna, na sare kan fasto,
saura wuya da buɗaɗɗen littafi.
Na durƙusa ina neman saiti, gwiwa ta yi ƙas,
wata tsohuwa ta zaci roƙo nake,
ta tattara zanenta, ta matsa mini wuri.

Sai aka ɗaga jaririyar.
Lidiya. Kwana arba'in da 'yan kai a duniya.
Ƙwayar haske ɗaya ta sauka a goshinta,
ta yamutsa fuska, ta yi atishawa,
majami'a duka ta ɗauka da dariya,
ni kuwa na'ura na lilo a ƙirjina,
ina kallo da ido biyu kamar kowa.
Abin da aka kira ni dominsa
ya wuce ban danna ba.

Talatin da ɗaya na ɗauka. Biyu suka yi kyan gani,
su ma da rangwame.

Na kai wa Tabita, kunya kamar ta kashe ni.
Ta daɗe tana duban na farko:
ita ce tana tafi, hannuwan sun narke,
sun zama tattabaru biyu da aka firgita.
Na ce, "Ya ɓaci, motsi ya yi yawa."
Ta ce, "Bar mini shi. Haka na ji a jikina."
Ta biya ni da kwanon dambu da ƙwai huɗu.

Na biyun ban san sanda na ɗauke shi ba.
Daga ciki ne, ana hango ƙofa,
waje fari fat, zafin sha biyun rana,
ga takalmina, su kaɗai.
Ba a inda na bar su ba.
Wani ya janye su daga rana,
ya jera su a inuwar bango, baki na duban hanya,
don kada roba ta ƙona ni in na fito.
Na tambaya. Kowa ya ce ba shi ba ne.

Yana nan manne a saman teburina,
tsakanin agogunan da masu su suka manta.
Jiya wani ya ƙura masa ido, ya ce,
"Wane masallaci ne wannan, mai mutum ɗaya?"
Na sa gilashi a ido, na buɗe bayan agogonsa,
na ce, "Batir ne. Dala ɗari."